Rasuwar Mai Hula, Makirfon da Bai Ji Goggo Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ta tumbatsa, ni mai askin bakin titi, a madadin kaina da maiɗakina da teburin ɗakin baya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da kwastomomin da na aske lafiya da waɗanda na ɗan yanka bisa kuskure, rasuwar makirfona, wanda gida da unguwa suka fi sani da Mai Hula. Ya rasu yana da shekara uku da 'yan watanni, a tsaye a kan ƙafarsa guda, da hularsa ta soso a ka, kamar yadda ya saba. Ranar da ya cika babu wanda ya sani, har ni da nake kwana nake tashi da shi. Ranar da muka gane kawai muka sani, ita kuwa ta zo a makare.

Na so in rubuta masa irin addu'ar da ake yi wa mamata, amma wani malami da nake yi wa gyaran gemu ya ce in na kuskura, ba zai ƙara zama a kujerata ba. Saboda haka na bar wurin a buɗe, kowa ya cika da abin da ya ga ya dace da ƙarfe.

Masu cewa na kawo marigayin gidan nan ne don in ji daɗin muryata, ba su yi ƙarya duka ba. Shekara da shekaru kwastomomi suna ce min muryata ta gidan rediyo ce, ni kuma na yarda, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane mahaukaci ne zai gaya wa mai riƙe da reza a maƙogwaronsa gaskiya ba. Amma akwai dalilin da ya fi wannan, kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa.

Mahaifiyata ta rasu ina da wata goma sha ɗaya. Ba ta bar hoto ba. Mahaifina mutum ne da magana ke yi wa nauyi, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ba ni labarinta da ya wuce jimla biyu ba. Goggo, yayar mahaifina, ita ta goya ni ta raine ni, kuma yau duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san yadda matar nan take dariya, da abin da ke ba ta haushi, da waƙar da ta ƙirƙira da kanta take lallashina da ita. Goggo ba ta son taɓo zancen, don da ta fara sai hawaye. Shekara uku da 'yan watanni da suka wuce, ran nan tana tsintar shinkafa, ta ce min ta ga ƙarfinta yana raguwa, in na sami sarari in zo in zauna ta ba ni labarin uwata daga farko har ƙarshe, har da waƙar.

Mai hankali da ya jawo kujera a take. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da fasaha, na ce a'a, irin wannan magana ba a barinta ta bi iska. Sai an ɗauke ta a kwamfuta, tsaf, ba ƙura ba hayaniya, yadda jikokina za su ji kamar Goggo na zaune a gabansu. Na ce ta ba ni mako guda in shirya. Haka Mai Hula ya shigo rayuwarmu.

Marigayin ya zo duniya da kyakkyawar siffa: baƙi, dogo, mai nauyi a hannu, mai kwarjinin da ko a kashe yake mutum kan gyara murya in ya tsaya gabansa. Tun ranar farko ya nuna shi ba na wasa ba ne. Wutsiyarsa mai haƙora uku ce, kwamfutata kuwa ɗan ƙaramin rami gare ta, ko ɗaya daga haƙoran ba zai shiga ba. Na sayo kebul mai haɗa su. Suka haɗu, ba su gaisa ba. Na sayo na biyu, suka gaisa, amma abin da ya fito sai ka ce an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Na ɗauki su duka biyun na kai wa mai gyaran rediyon da ke bayan shagona, wanda muke kira Injiniya don ya ji daɗi. Ya duba, ya yi tsaki, ya ce waɗannan ba sa ga maciji da juna, sai an sa musu tafinta a tsakani, wani ɗan akwati mai maɓallai da zai ba makirfo wutar da yake ci, ya kuma fassara wa kwamfuta abin da ya ce. Akwatin ya iso bayan wata biyu. Da ya iso, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, sai an sauko mata da wata shaida daga intanet. Na sauko da ita sau shida, biyar daga ciki na wani akwatin ne daban.

Cikin kyawawan halayen marigayin, na farko shi ne haƙuri. Bai taɓa gaggawar aiki ba. Bayan an gama duk wannan haɗin, na yi wata huɗu ina ɗaukar gwaji ina kai wa shago, kwastomomi na cewa kai, wannan makirfo ya yi, ka ji murya garau. Sai ran nan Injiniya ya leƙo, ya danna wani wuri a fuskar kwamfutar, ya nuna min cewa duk wata huɗun nan kwamfuta da ɗan kunnenta na ciki take saurare, don ban taɓa gaya mata ta koma wa baƙon ba. Mai Hula yana tsaye a gabana, ina tofa masa yawu safe da yamma, yana hutawarsa. Ko sau ɗaya bai tona min asiri ba.

Halinsa na biyu shi ne kaifin ji. Da aka tashe shi aiki, babu abin da ke wuce shi. Yana jin injin niƙan maƙwabciyarmu. Yana jin mai walda na ƙarshen layi. Yana jin agogon bango, da firij, da fanka, da zakaran gidan baya, da kukan cikina in na makara ban karya ba. Abu ɗaya ne kawai yake ji sama-sama, shi ne mutumin da ke magana a gabansa.

Na uku, gaskiya. Shi ne na farko a rayuwata da ya gaya min yadda muryata take. Na saurara sau ɗaya, na cire abin sauraron daga kunne. Washegari na yi wa mutum goma sha biyu aski ban ce uffan ba, har wani ya tambaya ko an yi min rasuwa.

Ga masu son tunawa da marigayin, ga kaɗan daga kalamansa. Da safe yakan ce, “Zzzzzz.” In an matso kusa da shi ya ce, “Puf, puf.” In an matsa nesa ya yi gum. In ya ga baƙi, musamman waɗanda na gayyato don su ga abin arziki, sai ya ɗaga murya ya ce, “Ƙiiiiiii!” har sai kowa ya toshe kunne ya tuna yana da wani uzuri a gida. Ya kuma haddace wasu maganganun mutane. Wadda ya fi riƙewa, don ya ji ta fiye da sau dubu, ita ce, “Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu.” Sai ta maiɗakina daga tsakar gida: “Maigida, in ka gama hira da sandar taka, abinci ya huce.”

Wannan “zzzz” ɗin shi ya zama abokin gabata. A fuskar kwamfuta akwai wani layi da ke rawa in an yi sauti. Ko ɗaki ya yi tsit, layin nan sai ya riƙa ɗan karkarwa, ni kuma na rantse Goggo ba za ta zauna ba sai ya miƙe sambal. Na canja kebul har sau bakwai. Na kashe fanka, na kori agogo, na matsar da firij. Aka ce bango ne ke mayar da murya, sai na bi masu shayi ina roƙon kwalin ƙwai, na manne bango huɗu da rufi da shi. Na rataye bargon maiɗakina a taga, ta yi kwana uku ba ta yi min magana ba, abin da ya taimaka wa aikin ƙwarai. Ɗakin ya koma kamar tanderu, amma ni a lokacin aljanna nake gani. Kyankyasai ma sun yaba da kwalin, suka tare da iyalansu, na ce ba komai, ai ba su da ƙara.

Duk wannan lokaci Goggo na nan a ɗakinta, taku goma sha biyar daga nawa. Wata ya mutu wani ya kama, takan tambaya ko an shirya, in ce saura ƙiris. Tun tana zuwa da ƙafarta har ta koma zuwa da sanda. Ina ganin sandar, wallahi ina ganinta, amma abin da ke raina shi ne yadda ƙwanƙwasarta a siminti ke shiga ɗauka.

Rashin lafiyar ajali ta fara wa marigayin a hankali. Ya riƙa cewa “ƙarr, ƙarr” a tsakiyar magana, wani lokaci ya ɗauke numfashi sai an girgiza masa wutsiya. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Na hura masa iska, na ɗan mare shi a ƙeya, na naɗe masa wuya da salatif. Injiniya ya ce a kawo shi a buɗe, na ce sai ranar da shago ya yi sauƙi. Ni da nake yi wa mutane faɗa kullum kan su bar gashi ya yi yawa kafin su zo, ashe dai wanzami ba ya son jarfa.

Wata Asabar da hantsi, ba tare da na kira ta ba, Goggo ta dogara sandarta ta shigo ɗakin baya, ta zauna a kujerar da ke gaban Mai Hula. Ta sa sabon mayafi. Ta shaida min yau za a yi ko a bari har abada, kuma in na sake cewa “gwaji ɗaya biyu” a gabanta, tashi za ta yi. Na kunna komai. Na dubi fuskar kwamfuta, sai ga abin da na shekara uku ina nema: layi a miƙe sambal, ko gezau. Na ce Allahu Akbar, yau ga ranar! Na danna jan maɓalli. Goggo ta ce hasken abin nan yana kallonta, sai na juya fuskar kwamfutar ga bango.

A nan ne na yi aikin da har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Na ce a raina, tunda ana ɗauka, ai zan saurara daga baya sau ɗari in na so. Abin da ya fi muhimmanci yanzu shi ne kada wata ƙara ta ɓata ɗaukar. Sai na bar maiɗakina tana yi wa Goggo fifita, tunda fanka haramun ce a ɗakin, na ja ƙofa, na fita yaƙi. Na durƙusa wa mai niƙa ta kashe injinta. Na yi wa mai walda alkawarin askin wata guda. Na bi zakara da jifa har ya tsallake katanga. Na tsaya a tsakiyar layi, cikin rana, ina tare masu babur ina roƙonsu su kashe su tura. Awa biyu da minti goma sha huɗu na yi ina gadin shiru, kuma ban taɓa jin na yi wa uwata hidima irin ta ranar ba.

Da na dawo, na tarar da su biyun idanunsu sun yi ja. Goggo ta kama kaina ta shafa, kamar yadda take yi ina ƙarami, ta daɗe ba ta saki ba. Ni kuwa ta ƙarƙashin hannunta nake miƙa yatsa ina neman inda ake adanawa. Ban saurara a ranar ba. Na ce irin wannan sai an natsu, an yi wanka, an zauna.

Ranar Litinin da safe Goggo ta faɗi a bakin famfo. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ta rayu, alhamdu lillahi, idonta na gane kowa, hannunta na hagu na motsi. Maganar ce ta tafi. Bayan mako biyu muna jigilar asibiti, ranar da muka dawo da ita gida, na shiga ɗakin baya, na sa abin kunne, na danna.

Jama'a, a ba marigayin haƙƙinsa. Ban taɓa jin ɗauka mai tsabta irin wannan ba. Babu zzzz, babu ƙarr, babu zakara, babu babur. Babu Goggo. Awa biyu da minti goma sha huɗu, na saurare su kaf, ina cewa wataƙila can gaba ne.

Injiniya ne ya binciki gawar. Da ya kwance kan, kyankyasai uku suka fito a guje, suka bar ƙwai da kayan ɗaki. Siririyar wayar da ke ciki an cinye ta ta rabu biyu. A ƙiyasinsa, marigayin ya kwana biyu ko uku da cikawa kafin Goggo ta zauna a gabansa. Ya ce layin da na gani a miƙe, ko a asibiti in ya miƙe haka ba murna ake yi ba. Ya ƙara da cewa da na ce “gwaji” sau ɗaya tak, da na gane. Sau dubu na faɗe ta a banza, ranar da take da amfani na haɗiye.

Na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada kyankyasai, na gwada mai kanti, na gwada Injiniya, duk bai zauna ba. Da maiɗakina ta zage ni da ya fi min sauƙi. Garin gyaran gira na rasa ido, ni da gyaran gira sana'ata ce.

Sai na koma kan tsofaffin gwaje-gwajen, ɗari huɗu da wani abu, ina bi ɗaya bayan ɗaya ko muryar Goggo ta faɗa ciki. Na same ta a wuri uku. Ga abin da marigayin ya adana mana daga bakinta, ban rage ko harafi ba.

Na farko, daga nesa, ƙofa na buɗewa: “Ɗan nan, yau ma ba a shirya ba?”

Na biyu, bayan kusan shekara: “Ni fa ba sai da wannan abin ba. Ka zo kawai ka zauna.”

Na uku, ana jin sandarta tana matsowa: “Jiya na yi mafarkin uwarka, ta ce...”

A nan wata murya ta katse ta, kusa da makirfo, garau, irin ta gidan rediyo: “Goggo, don Allah shiru, ana ɗauka.”

Wannan kam Mai Hula ya ji ta da kyau.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfuta guda, wadda tuni ta koma saurare da kunnenta na ciki kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya bar akwatin tafinta, da yanzu ba shi da wanda zai fassara. Ya bar kebul bakwai, biyu daga ciki ba a san ubansu ba, da ƙafa guda, da hula, da kwalin ƙwai cike da bango, da magadansa na cikin kwalin waɗanda suka riga suka raba gado tun yana da rai. Ya kuma bar ni.

Abin da ya rage mana daga Asabar ɗin nan yana cikin kan maiɗakina, wadda ba ta da kebul ko ɗaya. Ta ce ba ta sa kanta riƙewa ba, don ita ma ta ɗauka ana ɗauka. Duk da haka ta tuna cewa uwata bahaguwa ce, tana tsoron kwaɗo, kuma ba ta iya zama a gida shiru, ko wanki take yi sai ta yi waƙa. Daga waƙar lallashin ta riƙe baiti ɗaya, mai cewa bar kuka, inuwa ta iso ƙofa. Jiya ta rera shi a gaban Goggo. Goggo ta buga hannunta na hagu a katifa sau ɗaya. Da maiɗakina ta yi ƙoƙarin ƙirƙiro na biyu, Goggo ta kaɗa yatsa, ta harare ta irin hararar da muka sani. Ashe har yanzu ana iya tambayarta, in dai ba a matsa sai ta amsa da baki ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar mai zuwa da hantsi za a naɗe marigayin a tsohuwar safa, a sa shi a durowar ƙasa ta shagona, tare da almakasan da suka dakushe. Ba a buƙatar rakiya. Kwalin ƙwai za a ɓamɓare a ƙone, da duk wanda aka samu a ciki. Bargo zai koma wurin mai shi.

Zaman karɓar gaisuwa a ɗakin Goggo za a yi, daga azahar. Ƙofa a buɗe, fanka a kunne. An roƙi mai niƙa ta niƙa abinta, mai walda ya yi ta bugu, zakara ma an yafe masa. Masu zuwa kada su ɗauko komai a hannu. Duk wanda ya taɓa jin Goggo ta ambaci uwata, ko a wurin suna ne, ko a layin asibiti, ko rabin jimla ce, ya zo da ita. Tsofaffin da suka taɓa jin wata mata bahaguwa tana waƙa a bakin wanki, a taimaka a riƙo hannunsu a kawo su. Kowa zai faɗi nasa a gaban Goggo. In ta buga katifa, mun samu. In ta kaɗa yatsa, a sake lale.

Wanda ya ga dama ya ajiye wayarsa ta ɗauka, ni dai ba zan taɓa ta ba. Za a same ni a ƙasa, wajen hannunta na hagu. In wani ya ga na yunƙura zan fita kashe wata ƙara, don girman Allah ya kama rigata ya zaunar da ni.